Kula da Shuke-shuken Gida da Fangulan Garka

Mai karatu, idan kana da icce ɗaya ko biyu a tsakar gida, ko uwargida tana da ƴan fangula na ganyen miya a bayan ɗaki, wannan bayani naku ne. Babbar garkar fadama mai injin ban-ruwa da ƴan ƙwadago tana da nata bayanin daban. A nan zancenmu ya tsaya ga abin da ke cikin gida: iccen inuwa, iccen marmari, lallen da ya zama shinge, furen ƙofar gida, da fangalin da ake tsinko abin miya.

Tun shekarar 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ranar 3 ga watan Agusta. A cikin aikina na yaƙi da jahilci na sha halartar irin wannan dashe a harabar cibiyoyin karatun manya. Akan dasa goma ko ashirin, a yi addu'a, a watse. In na koma rangadi a watan Afrilu, sau da yawa ƙayar da aka kewaye su da ita kaɗai nake tararwa. A wata cibiya icce ɗaya tak ya rayu, kuma bai fi sauran kyawun iri ba. An dai dasa shi daidai inda ɗalibai ke yin alwala. Daga nan na gane cewa a ƙasarmu bazara ce ke yanke wa shukar gida hukunci. Duk shawarar da za ka karanta a ƙasa, daga wannan tushe ta fito.

Lissafin ruwa kafin dashe

A shekara mai matsakaicin ruwa, Maraɗi kan sami kimanin milimetir 500, Yamai ta ɗan ɗara haka, Damagaram da Tawa kuwa wajen 400 ko ƙasa da haka. Sai an gangara Gaya ake jin zancen 800. Kusan dukkan wannan ruwa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, alhali abin da rana da iska ke iya ƙafarwa a shekara ya haura milimetir 2000. Ke nan wata takwas cur, duk abin da shukarka za ta sha daga hannunka zai fito.

Milimetir ɗaya na ruwan sama daidai yake da litir ɗaya bisa metir murabba'i ɗaya, wato fili mai metir ɗaya a tsawo da metir ɗaya a faɗi. Lokacin ɗari, fangalin kayan garka yana buƙatar litir 5 zuwa 6 a kowane metir murabba'i kullum. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, buƙatar takan kai litir 8 zuwa 10. To, ɗauki alƙalami. Fangali mai faɗin metir 1 da tsawon metir 5 zai sha litir 40 zuwa 50 a yini ɗaya na bazara, wato bido biyu masu cin litir 25. Fangula huɗu bido takwas ke nan, daidai da tano guda mai litir 200, kowace rana ta Allah. A wata ɗaya litir 6000. In ruwan famfo ne, za ka gan shi a takardar kuɗin ruwa. In na ƴan garuwa ne, aljihu zai sanar da kai tun wata bai raba ba. In kuwa na rijiya ne, sai ka fara shawara da wadda za ta ja gugar, tunda galibi ba maigida ke ja ba.

Ƙaramin iccen marmari a shekararsa ta farko yana son kimanin litir 20 sau biyu ko uku a mako, a tsakiyar bazara kuwa bayan kowane kwana biyu. Haɗa wannan da na fangula, ka kwatanta da ruwan da gidanka zai iya fitarwa a Afrilu ba tare da an tauye na sha da na girki ba, sannan ka dasa daidai da abin da lissafi ya ba ka. Fangali biyu da suka ƙoshi za su ciyar da tukunya har faɗuwar ruwa. Shida masu ƙishi duk tare za su ƙone.

Akwai ruwan da kowane gida ke zubarwa a banza. Ruwan alwala, da ƙasarin hatsi, da ruwan wankin shinkafa da na ganye, duk sun dace da kowace shuka. Ruwan wanka mai ɗan sabulu yana iya zuwa gindin manyan itatuwa da shinge, amma kada ya taɓa salati ko wani abin da ake ci ɗanye. Ruwan wanki mai yawan omo ko jabel, da ruwan da ya haɗu da man inji, a bar su su bi kwata. Sai kuma ruwan indararo: rufin kwano mai metir murabba'i 50, in aka yi ruwan milimetir 20, yana zubo da litir 1000, wato tano biyar. Tara abin da za ka iya, sauran kuma ka ja masa ƴar hanya zuwa gindin itatuwa, ka yi masu rabin-wata irin na gonakin da ake farfaɗowa a jihar Tawa, don ruwan ya tsaya ya nutse. Duk tano ko randar da aka tara ruwa a rufe ta, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Abin da ya dace a dasa, da inda za a dasa shi

Iccen da ya saba da ƙasarmu shi ya fi sauƙin riƙo. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, asalinsa daga yankin Indiya yake, amma ya zama ɗan gida. Da shi aka yi layukan kare iska na kwarin Majiya tun daga 1975. Yana da ganye a lokacin da aka fi buƙatar inuwa, kuma in ya kama ƙasa ba ya neman ban-ruwa. Aibinsa shi ne saiwoyinsa suna tafiya nesa, su shanye ruwan fangalin da ke kusa. Ceɗiya da durumi da iccen turare su ma haka suke, har sukan tsaga katanga su shiga bututun ruwa. Irin waɗannan, da mangwaro, a nisanta su aƙalla metir 5 daga ɗaki da masai da rijiya, kuma a ɗaga kai a duba wayar lantarki kafin a gina rami.

Ga mai ƙarancin ruwa, zogale ne na farko a wurina. Ya isa a dubi yadda manoman Jiratawa da sauran bakin Gulbin Maraɗi suka mai da shi sana'a. Yana girma da sauri, yana jure ƙishi, abin da ba ya so kawai shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi. Bayan shi sai rumman, da lemun tsami, da gwaba, da magarya mai aure, wadda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa a shekarun 2000 da sunan tuffar Sahel. Gwanda tana saurin ba da ɗiya amma mashayiya ce. Mangwaro kuwa sai wanda ya tabbata zai shayar da shi shekara uku a jere. Kuka ma ana iya shuka ta a fangali kusa da kusa, a riƙa tsinkar ɗanyen ganye ba tare da an bar ta ta zama babban icce ba. Sai dai ƙwayarta na da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko an ɗan kankare ɓawon, kafin ta tsiro da wuri.

Wajen shinge, lalle ya haɗa kyau da amfani. Aguwa da dashi kuwa reshensu ake yankowa a kafa a ƙarshen rani, gab da faɗuwar ruwa, su kama. Cikin furanni, bugambiliya ta fi kowa haƙuri, har takan fi yin fure in an ɗan ƙuntata mata ruwa.

A kula: wasu shuke-shuken ado suna da dafi. Ƙariya na cikinsu, haka ƙwayar bini-da-zugu, da furen nan mai dogon siririn ganye da ake kira loriye roz, da ɗan'uwansa mai rawayan fure kamar kakaki. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko awaki a sake, gara a haƙura da su.

Fangalin kayan miya yana son rana ta kimanin awa shida. Wurin da ya fi dacewa shi ne gabas da katanga ko ɗaki, inda zai sha hantsi, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. A kafa zana ta gefen gabas maso arewa don tare iskar ɗari, wadda ke busar da ganye ta kuma lulluɓe shi da ƙura.

Rami, fangali da taki

Ramin iccen marmari ya kai santimetir 60 a faɗi, 60 a tsawo, 60 a zurfi. In ƙasar fako ce ko marmara, a ƙara. Ware ƙasar sama daban, ka cuɗa ta da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki, ka mai da ita cikin ramin, ka ba shi ruwa, ka bar shi mako biyu ya zauna. Ranar dashe, yanke ledar ka cire ta ɗungum. Na sha tono mataccen icce in tarar da shi cikin ledarsa, saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo. In saiwar ƙasa ta lanƙwashe, datse ta da wuƙa mai kaifi. Kada wuyan dashen ya nutse fiye da yadda yake a cikin leda, kuma in mai aure ne, gurbin auren ya zauna sama da ƙasa sosai. Da yamma ake dashe. Lokacin da ya fi kuwa shi ne da zarar damana ta zauna, wajen farkon Yuli. Wanda ya jira 3 ga Agusta a Tawa ko Damagaram, ruwan mako shida ko bakwai kaɗai ya rage wa dashensa, sauran aikin na arazuwar ne.

Faɗin fangali kada ya wuce metir 1 ko 1,20, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Da rani a yi shi mai zurfi, ƙasa da hanya da kamar santimetir 10, da kunya kewaye, don ya riƙe ruwa. Da damana akasin haka ake yi, musamman a ƙasar laka: a ɗaga shi ya yi tudu don kada saiwa ta ruɓe. A lallaɓe cikinsa ya daidaita, in ba haka ba gefe ɗaya zai sha, ɗaya ya kwana da ƙishi.

Yawancin gidajenmu bisa jigawa suke, ruwa na ratsa ta kamar rariya. Maganin wannan shi ne takin gargajiya, domin shi ne ke riƙe laima kusa da saiwa. Kowane metir murabba'i yana son kilo 2 zuwa 4 a farkon kowace shuka, a kafce shi ya shiga ƙasa zurfin fartanya. Amma sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona dashe, yana kawo irin ciyawa, yana kuma kiran gara.

Yin takin rami ba wuya. Gina rami mai zurfin da bai wuce metir ɗaya ba a inuwa, ka riƙa jera busasshiyar ciyawa da ganye, sannan kashin bisashe, sannan ɗan barbaɗin toka, kana yayyafa ruwa a kowane hawa har ya jiƙa ba tare da ya yi caɓi ba. Tsince leda da kwalba da tsohon batir. Batir musamman guba ne. Rufe da tsohuwar tabarma. Bayan kwana kaɗan, in ka soka sanda ka zaro za ka ji ta da ɗumi, alamar aiki na tafiya. Juya shi kowane kwana 15. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Takin zamani, irin 15-15-15 da aka fi samu a kasuwanninmu, taimako ne kawai. Gram 30 zuwa 40 a metir murabba'i ya isa, a nesa da karan shuka, a bi shi da ruwa nan take. Bisa tsurar rairayi marar takin gargajiya, rabinsa wucewa yake yi ƙasa da ruwan farko.

Yadda ake ban-ruwa

Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake ba da ruwa. A jigawa lokacin bazara, raba na fangula kashi biyu, safe da yamma. Icce kuwa ya fi son a ƙosar da shi lokaci guda, a bar shi kwana biyu ko uku. Ɗan yayyafin kullum yana sa saiwoyi su taru a sama inda ƙasa ke zafi, ranar da aka yi fashi sai iccen ya yi yaushi. Kafin ka ɗauki arazuwar, soka yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu; in da sanyin laima, dakata.

A nan zan faɗi kuskuren da na yi da hannuna. Na taɓa rainon lemun tsami shekara huɗu, ina zuba masa ruwa daidai gindi, cikin kwarin da na yi masa. Sai ɓawon ya soma tsagewa yana fitar da ƙaro, rassa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ƙara ruwa don ina zaton ƙishi ne. Wani malamin gona ne ya nuna mani cewa ruwan da ke kwanciya a jikin gindin shi ya jawo cutar. Dangin lemu da gwanda da mangwaro, kunya biyu ake yi masu: ƙarama kusa da gindi don ta hana ruwa taɓa shi, babba kuma daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Tsakaninsu ake zuba ruwa, domin a nan ƙananan saiwoyi masu sha suke. Icce na girma, ana faɗaɗa babbar kunyar.

Abu na biyu da ke rage wahala shi ne lulluɓe ƙasa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, ko ganyen bedi, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, bisa fangali da kewayen icce. Ƙasar da aka rufe takan wuni da laima, wadda aka bari tsirara kuwa kafin azahar ta bushe ta yi ɓawo. Bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da gindi. Yara su san kunama na son irin wannan wuri, kada su riƙa tura hannu. Inda ba a lulluɓe ba, a riƙa caccaka saman ƙasa sau ɗaya a mako don ruwa ya sami hanyar shiga, a cire ciyawa tun ba ta yi iri ba.

Akwai kuma dabarar tulu. Sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, irin na maginan Mirriya ko na kasuwar garinku, ka binne shi har wuya kusa da dashe, ka cika shi, ka rufe bakin. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa sannu a hankali, kai kuma sai ka riƙa ƙarawa bayan ƴan kwanaki. Wannan ya dace da mai tafiye-tafiye irina.

In ka ga fari-fari kamar kanwa a saman fangali, kuma bakin ganye na ƙonewa, gishiri ne ya taru, ko daga ruwan rijiyar, ko daga yawan toka da takin zamani. Kankare farin, ka yi ban-ruwa mai yawa sau ɗaya don ya wanke shi zuwa ƙasa, ka ƙara takin gargajiya.

Bisashe da gara

Akuya ɗaya tana iya gamawa da aikin wata shida kafin a sauke tukunya. Saboda haka kariya tana zuwa ne rana ɗaya da dashe. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko kewayen tubali mai ƙofofin iska, ko waya, duk suna yi, muddin tsawon ya kai ƙirjin mutum kuma faɗin ya hana ta miƙa wuya ta kai ga toho. Kaji kuma tona fangali suke yi; tsohon gidan sauro ya ishe su.

Gara ba duka ta zama abokiyar gaba ba. A gonakin da ake yin tassa, ita ce ke huda fako ta buɗe wa ruwa hanya. A gida takan fi afka wa iccen da ƙishi ya riga ya raunana, ko wanda aka jingina masa busasshen kara da ɗanyen taki. Duba gindi kowane mako, ka rushe ginin da ta soma, ka barbaɗa toka kaɗan ko dakakken ƙwallon bedi. Sandar da za ka tokare dashe da ita ma a riƙa dubawa, sau da yawa ta nan take hawa.

Datsar rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iccen inuwa a bar masa kara ɗaya miƙaƙƙe, a riƙa rage rassan ƙasa kaɗan-kaɗan har mutum ya iya wucewa a tsaye. Wannan ita ce hikimar sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka soma tun wajen 1983 da kututturan gonakinsu. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a lokaci guda. Iccen marmari kuwa a datse kansa in ya kai kamar metir ɗaya, a zaɓi rassa uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban. Duk tohon da ya fito ƙasa da gurbin aure a cire shi da wuri, don na uwar daji ne. In aka bar shi zai rinjayi mai auren, ka wayi gari da magaryar da ka baro a daji.

Zogale in aka ƙyale shi sai ya tafi sama kamar gora, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Datse shi a tsawon ƙugu ko ƙirji, zai yi rassa da yawa. Magarya mai aure tana son datsa mai tsanani sau ɗaya a shekara, a bazara bayan an gama cin ɗiyanta, saboda sabbin rassa ne ke yin fure. Lalle kuwa aski shi ke sa ya cika.

Yi aiki da kaifi, ka fara sara daga ƙasan reshe sannan ka gama daga sama, don kada nauyinsa ya ɓare ɓawon jikin iccen. In ka ga kauci ya kama reshe, yanke reshen can ƙasa da inda ya manne.

Ƙwari da alamomin cuta

Wanda ke zagaya fangulansa kowace safiya yana juya bayan ganye, shi ke ganin ɓarna tun tana ƙarama, lokacin da hannu kaɗai ya isa a tsince tsutsa ko a cire ganyen da ya kamu. Ɗarɓa da farin ƙuda a bayan ganye suke taruwa su tsotse shi har ya nannaɗe. Jan gizo-gizo, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, ya fi tsananta a zafi da ƙura bisa tumatir da yalo. Tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016, kuma tana cikin garakenmu. Ganyen da ta shiga yakan yi fari kamar an kankare cikinsa.

Maganin farko yana tsakar gidanka. Daka busassun ƙwallayen bedi gram 500, ka jiƙa a litir 10 na ruwa su kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan farin sabulu a ciki, ka fesa da yamma sama da ƙasan ganye. Rana na kashe ƙarfinsa, don haka ake maimaitawa kowane mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi ci da hayayyafa yake yi, sai a yi haƙuri. Magungunan da ake sayarwa a kwalaben da ba su da rubutu, da piya-piya, ba su da wuri a gidan da ake girki yara na wasa. In abin ya gagara, kai samfurin ganyen ga malamin gona na yankinku, kuma ka kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Ɗiyan mangwaro da gwaba da magarya da suka faɗo, a tsince su kullum, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu ko uku, ko a binne su da zurfi. Tsutsar ƙudan da ke ruɓar da su daga cikinsu take fita ta shiga ƙasa ta sake zama ƙuda.

Ganye yana magana ga mai lura. In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, yunwa ce, a ƙara taki. In sababbin sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore, musamman a lemu, ƙasar ce ta cika toka ko ɓaraguzan siminti. In kuwa shuka na yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, tumɓuke ɗaya ka dubi saiwa. Baƙa mai wari, ruwa ya yi yawa. Mai ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, waɗanda ke son jigawa. Ƙone waɗannan saiwoyi, kuma kada ka mai da tumatir ko yalo ko tattasai ko guro a fangalin. Sa albasa ko masara, ka ƙara takin rami.

Kowane lokaci da aikinsa

Da kaka, wajen Oktoba, ake rainon irin tumatir da shu da salati da albasa, irin Galmi in an samu. Tumatir kan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, albasa wajen kwana 45. Ɗari shi ne lokacin yalwa, sai dai a wanke ƙura daga ganye lokaci-lokaci. Daga Maris, furen tumatir kan soma zubewa saboda zafi, salati ya yi ɗaci ya miƙe. Kada ka yi ta asarar ruwa a kansu. Rufe rabin fangulan da ciyawa su huta, sauran ka sa masu jure zafi kamar guro da alayyafo da malohiya da yakuwa, ka yi masu ƴar rumfar kara mai barin rana ta ratsa. In ruwa ya yi ƙaranci har sai an zaɓa, itatuwa ne kan gaba, tunda fangali cikin wata ɗaya ake sake shi, icce kuwa shekaru ne.

A ƙarshen Mayu, kafin hadarin farko mai zuwa da iska, sare busassun rassan da ke bisa rufi da hanyar wucewa, ka ɗaure ƙananan itatuwa ga sanda da tsumma mai laushi, ɗauri sakwa-sakwa wanda ba zai ci ɓawo ba. Buɗe wa fangula masu zurfi mafitar ruwa, ka share hanyar da ka ja daga indararo, ka kwashe takin da ya nuna daga rami ka rufe bakinsa da itace, don ramin da ya cika da ruwa tarko ne ga yaro. Ramukan sabon dashe kuma a gina su tun yanzu, ruwan farko ya same su a shirye.